Azumi Ba Ta Azumi

Sunan yayata Azumi,
amma shekara uku ke nan ba ta kai azahar da baki a rufe ba.
Kafin ladanin Karantina ya gyara murya
gumi ya jiƙa mata matashi,
hannu na rawa, tana kirana da sunan kawunmu da ya rasu.
Wasu suka ce iska ce. Wasu suka ce farfaɗiya.
Ni dai na san dabino uku ke dawo min da ita.

A asibitin Jidda, Dakta Fawwaz ya ce:
za ki yi mana azumin kwana uku, mu tsaya a kanki.
Awa goma sha huɗu ta yi.
Suga ya faɗi, insulin ya ƙi sauka,
jinin ya ba da shaida:
ɓarawon a cikin gida yake,
ƙari ne, a tsokar nan da ke kwance bayan tumbi,
bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

To, a wane ɗaki?
Ba a yanka mutum a kan zato.

Na'urar farko ta yayyanka ta da haske, faifai-faifai.
Babu.
Ta biyu, rami ce mai ƙara kamar maƙera ranar kasuwa,
ta fito da inuwa, likitoci biyu suka yi musu a kanta.
Allura ce cikin ruwa.

Sai suka zura bututu ta maƙogwaro,
ya kasa kunne a bangon ciki
yadda maƙwabciya ke sauraro ta jikin katanga.
Ya ji motsi. Bai rantse ba.

Ranar Laraba suka bi ta jijiyar cinya,
suna ɗiga magani lungu-lungu,
suna ɗiban jini a bakin hanta
su ji wace ƙofa za ta amsa.
Ta farko shiru. Ta biyu shiru.
Ta uku ta yi ihu.

Can wajen wutsiya, in ji shi,
ya zana da biro a bayan takardar magani,
ɗigo ɗaya, kusa da saifa.

Gobe da hantsi za a shiga da ita.
Daren nan ma an hana ta ci,
ruwan suga na sauka a hannunta, ɗis, ɗis.
Ta kwance bakin gyale,
ta miƙo min dabinon ukun.
Riƙe min, ta ce. Ko ka cinye.