Mai Ƙaho da Waya a Baki

Ni ne Eleuterio na Zaachila,
mai busa ƙahon tagulla
a coci, a maƙabarta, a gidan biki.
Shekara arba'in da uku
haƙorana na hawan juna
kamar fasinjojin motar kasuwa,
wani a cinyar wani, wani ya leƙo taga,
fiƙa ɗaya ta juya wa 'yan'uwanta baya
kamar sun ɓata tun suna ciki.

Likita Zenaida, can birnin Oaxaca,
bene na biyu, saman mai takalma,
ta ɗaga hoton muƙamuƙina ga fitila.
Ta ce, "Ba zancen kyau nake ba.
Buroshi ba ya isa wannan lungu,
dasashinka kuma sai ja da baya yake.
In ka bar su, nan da shekara goma
da me za ka tokare ƙahon aiki?"

Talata ta ɗaura mini waya.
Laraba na ɗauki ƙaho na hura,
sai ga kukan tsohon jaki.
Leɓe ya kara da ƙarfe, ƙarfe ya ci,
gishirin jini a harshe,
cikin kumatu duk miki.
Ta miƙo ɗan akwati kamar na ashana:
"Mulmula kaɗan, liƙa inda ke yanka."
Wa ya ce mutuncin magidanci
zai rataya a ƙwayar kaki?

Na yi sallama da rake,
na yi da gyaɗa mai sukari.
Obdulia na kankare mini masara da wuƙa,
ta turo faranti kamar na ɗan yaye.
Sau ɗaya na saci soyayyiyar fara,
ƙafarta ta maƙale a waya,
na wuni ina yi wa amarya murmushi da ita,
amarya na kallona da mamaki.

Bayan kowace loma, ɗan siririn buroshi,
da zaren sakace a ƙarƙashin waya,
haƙori bayan haƙori.
Abokan busa na can suna shewa,
ni ina bayan coci, gaban madubin mota,
ina wanki.

Wata ashirin da shida.
Ran da ta kwance, harshe ya zame
kamar ƙafa a jiƙaƙƙen tangaran.
Ƙaho ya dawo da murya, har ta fi ta da.
Na miƙe zan tafi, ta ce, "Zauna."
Ta sa mini wata roba garau a tafi.
"Kowane dare. Haƙori ba ya mantuwa,
kullum yana kewar tsohon ɗaki."
Na ce, "Har yaushe?"
Ta ce, "Har ran da ka gaji da ganinsu a jere."

Disamba ta zo da bukukuwanta.
A Ocotlán, wajen wani aure,
na naɗe robar a takardar goge baki,
na ajiye gefen kwano.
Ta bi ƙasusuwan talotalo zuwa shara.
Na ce ai sun zauna, me ya rage?
Na yi tsaki.

Mako bakwai.
Wata asuba ina aske gemu
na ga fiƙar nan ta fara karkata kafaɗa,
a hankali, kamar mai zamewa daga taro.

Zenaida ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.
Sabuwar roba ta cinye ladan jana'iza uku,
daren farko ta matse ni
har ina jin bugun zuciya a dasashi.

Yanzu gidanta na cikin akwatin ƙaho,
kusa da kwalbar mai.
Dare ya yi: buroshi, zare, roba.
In ce wa Obdulia sai da safe,
sin ɗin ta fito da 'yar iska,
ta yi dariya cikin bargo.
In kashe fitila,
in bar roba ta kama aiki.