Littafin Awo

Daga Agadas na taso, wata biyu ina ɗinkin ƙwadago,
jika ashirin a ƙulle cikin hulata.
Labarin a waya ya same ni, muryar Tsahara na yankewa:
"Muna da rai. Bangon gabas ya kwanta.
Kada ka yi gaggawa."
Na yi gaggawa.

Bayan la'asar mota ta sauke mu.
Duwatsun Damagaram na nan inda na bar su,
wankakku tas, kamar ba su ga kome ba.
Ɗan kabu-kabu ya ce, "Garin Malam? Sai mun zagaya,
hanyar da ka sani tabki ce yanzu."

Mu da muke kwana a layin famfo,
muna bin mai kura a kan garwa biyu kamar masu bin bashi,
mu ne ruwa ya shigo wa ɗaki-ɗaki,
ba sallama,
ya kai wuyan randa, ba na sha ko moɗa guda.

Tsahara ta fito da laka a goshi.
Ta karɓi jakata, ta ce, "Ka rame."
Na ce, "Ke ma."
Ta nuna mini zane a jikin bangon da ya tsira,
baƙi-baƙi, daidai ƙirjin ɗanmu Kiyari.
Ashe shi ma ruwa tela ne,
ya auna gidan kafin ya yanka.

Keken ɗinkina a ƙarƙashin azara aka tono shi.
Kwana biyu ina ba shi kananzir,
ina sakace masa haƙora da tsinke,
ina taka shi yana tari irin na tsofaffi.
Ran na uku ya haƙura, ya ja zare.

Littafin awo ne bai haƙura ba.
Shekara sha ɗaya ta unguwar nan na ciki,
kafaɗar kowa, wuyan kowa, tsawon hannu,
wanda ya biya da wanda ya ce sai ran kasuwa.
Na ɓamɓare shafi, shuɗi ne kawai,
tawada ta bi ruwa, bashi ma ya bi ta.

Na sayi sabo, irin na ƴan lakwal, dala arba'in.
Suna zuwa ɗaya-ɗaya ina ɗaga musu hannu.
Nomau mai goro, ƙugunsa ya ragu da yatsa uku,
ya ce in rubuta tsohon awon, zai komo.
Barira daga ajin da aka tsugunar da su take zuwa,
zane ɗaya ya rage mata, ta ce a raba shi biyu.
Ɗan Gonda kuwa ya ƙara tsawo,
ambaliya ba ta hana shi ba.

Ilu mai gyaran rediyo bai zo ba.
Yadinsa na nan a ƙusa, can sama, ko ɗigo bai taɓa shi ba,
ruwan toka, yadi huɗu.
Ran da ya kawo ya ce, "Ba sauri, sai ka dawo."
Na dawo.
Soro ya riga ni.

Jiya babban ɗansa ya tsaya a bakin rumfa, bai ce kome ba.
Na ce, "Matso."
Kafaɗar ba ta kai ba tukuna,
na bar masa lanƙwasa mai faɗi a ciki,
in shekara ta zagayo a warware.

Yau da asuba famfo ya ɗauke.
Tsahara ta tafi layi da jarka biyu tana mita,
Kiyari na juya tubali a rana,
akuyar maƙwabta ta taka guda uku.
Ina da wando biyar kafin Juma'a,
zaren baƙi kuma ya kusa ƙarewa.