Ƙofar da Ke Tsakar Ka

A El Alto, inda numfashi ke tsada
kuma sanyin asuba ke yanka kamar reza,
na haifi Limber.
Kafin in gama ƙirga yatsunsa
kakarsa Fermina ta kifa masa hular ulu mai kunnuwa,
ta ce: kan nan ƙofa biyu gare shi, ba ƙyaure,
kar iskar dutse ta samu hanya.

Ta ƙeya ba ta yi sallama ba,
wata uku na laluba, babu ita.

Ta gaban ce ta zauna da mu.
A kasuwa, tsakanin buhunan busasshen dankali,
in ciniki ya yi sanyi
nakan sauko da shi daga goyo, in ture hular,
in ga fatar tana dal-dal
kamar maƙogwaron kwaɗo.
Ba ya magana, amma ta nan yake ba ni labari.

Daren da gudawa ta kama shi
maɗigar ta loɓa kamar cikin cokali.
Fermina ta ce a riƙe shi kai ƙasa, a buga tafin ƙafa.
Ni kuwa na naɗe shi, na bi motar farko zuwa asibiti.
Nas Zenobia ta taɓa wurin da yatsa ɗaya.
Ƙishirwa ce, in ji ta.
Ruwan gishiri da sukari, kaɗan-kaɗan,
har rana ta hau kan Illimani
ramin ya ciko.
Kwana biyu surukata ba ta amsa gaisuwata ba,
a na uku ta saƙa sabuwar hula.

Yaushe za ta rufe? na tambaya.
Shekara da rabi, ko kafin nan, ko bayan nan,
kowane kai da nasa agogo.

Faɗin yatsa uku.
Biyu.
Sai ɗan gurbi kamar na ƙwayar masara.

Yau da safe ina cuɗa masa kai,
yatsana ya je inda ya saba,
ya tarar da ƙashi.
Na sake zagayawa. Ƙashi.
Ya ture hannuna, ya dube ni ido cikin ido,
ya ce a'a,
ya fita tsirara yana bin kare.

Na tsaya da sabulu a hannu.
Daga yau in ina son sanin abin da ke ciki
sai na ƙwanƙwasa.