Gangaren Gorajec

Ranar da muka gama tonon dankali
a gonarmu ta bayan Gorajec, can gabashin Poland,
sanyin Oktoba na cizon yatsu,
mahaifina Wacław ya miƙo min makullin tarakta,
amma bai sake shi ba
sai da na durƙusa na duba mahaɗa.

"Fegin ƙarfe ya shiga, Halszka?"
Ya shiga.
"'Yar ƙusar da ke hana shi tsalle fa?"
Tana nan.
"Sarƙa?"
Na ɗaura, na bar mata sarari saboda kwana.

Tirela biyu muka cika, ɗaya ya ce in ja.
Na ce rana na faɗuwa, mu haɗa su mana.
Ya ce, "Kayan da ya fi ki nauyi,
a hawa ke ce gaba,
a gangara shi ne direba."

Sai ya ɗauko labarin da duk ƙauye ya haddace:
shekarar da aka haifi yayana Bogusz
ya sa tsohon noti a madadin fegi.
Noti ya fice, tirela ta yi gaban kanta,
ta rushe shingen tsohuwa Genowefa,
dankali ya bi titi har ƙofar coci.
Agwagwa biyu kawai suka mutu,
mutane suka sha dariya.
Amma 'yan makaranta sun wuce ta wurin
bai fi minti biyar ba.
A nan kullum muryarsa ke tsayawa.

Bakin gangare na tsaya cak,
na sa ƙaramar giya tun ƙasa na kwance,
na kulle birkin hagu da na dama wuri guda,
na janye ƙafa daga kuloci kamar garwashi.
Sai na ji shi a gadon bayana,
tan huɗu na dankali
yana tunkuɗa ta kamar saniya mai neman hanya,
inji na gurnani, yana riƙe da mu duka.

Motoci uku sun jeru a madubi,
fitila mai ruwan lemo na juyi bisa kaina.
Wani ya danna hon. Ya ƙara dannawa.
Ni dai tafiyar mai tallan ƙwai nake.

Baba bai hau ba, kujerar ɗaya ce.
A ƙafa ya biyo gefen titi,
hula a hannu,
ko sauri bai yi ba,
tare muka isa gada.

A ƙofar rumbu ya tokare taya da guntun katako,
ya dubi tudu, ya dubi duhu,
ya ce, "Waccan ta kwana a gona.
Dankali ba ya gudu, sai an ja shi."