Tsutsa a Kwalin Ashana

Ran da ganyen masarata ya yi tagogi,
kamar yaro ya bi shi da tsinken tsintsiya,
na buɗe zuciyar kara, na same ta a kwance,
baƙuwa, da ɗigo huɗu a gindi.
Ban san ta ba. Mahaifina ma bai san ta ba,
shi da ya san kowane ƙwaro da sunan kakansa.
Na sa ta a kwalin ashana da guntun ganye,
na ce, Asabar Malam Hashimu zai faɗa mana ko wace ce.

Asabar muke karatu, mu masu furfura,
a firamaren Gamsarka, aji uku.
Bencin jikana nake zama,
gwiwa ta ƙi shiga ƙarƙashin tebur.
Mu talatin da bakwai aka rubuta,
wasu sittin na jiran a ce su zo.

Da can malaman gona huɗu ne a yankinmu.
Ɗaya ya yi ritaya, yana sayar da buhu a Haɗeja.
Ɗaya Allah ya yi masa cikawa.
Ɗaya aka ɗauke shi zuwa ofis mai fanka.
Saura Hashimu, da ƙauye goma sha tara,
da babur mai tari kamar tsohon mashayin taba.

Asabar ta fari, ruwa ya yanke hanya.
Muka zauna muna kallon allo,
inda ya tsaya wancan karon:
«Taki, cikin murfin kwalba ɗaya a kowane rami, nesa da...»
Nesa da me? Alli ne ya ƙare.
Laure ta ce nesa da saiwa.
Barau ya ce nesa da mai bin bashi.
Muka yi dariya, muka watse.

Ta biyu, ba a ba shi kuɗin mai ba.
Ta uku, an kira shi taro a Dutse,
a kan yadda za a kusanci manoma.

Ni kuwa kullum kwalin yana aljihuna.
Da farko ina jin motsi,
daga baya shiru.
A gona kuma ba shiru ba ne,
da dare in ka kasa kunne
sai ka ji ana cin guminka a hankali.

Ta huɗu ya iso, taɓo har ƙwauri,
ido ja, bai ko karya ba.
Na tashi tsaye kamar ɗan makaranta,
na ce, Malam, ga tambayata.
Na zare kwalin.
Wani abu mai ruwan toka ya yi fir,
ya zaga kanmu sau biyu,
ya fice ta tagar da ba ta da ƙyaure,
ya nufi gonaki.

Malam ya bi shi da kallo har ya ɓace.
Ya ce, Baba Ilu, wannan ƙwai dubu za ta zuba.
Da na gan ta tun tana rarrafe...
Bai ƙarasa ba.

Na ce, shekara nawa ta rage maka a aiki?
Ya ce, biyu.
Na ce, bayanka fa?
Ya laluba aljihu, ya fito da sabon alli,
ya juya ga allo, ya rubuta: saiwa.
Laure ta gyara mayafi, ba ta ce komai ba.