Tsami a Bakin Na'ura

Ƙarfe tara na dare a Swansea,
ruwan sama na dukan tagar bene na uku.
Na tsiyaya asid mai zafi cikin kwalba,
don shi ke raba min sinadarai sala-sala,
kowa ya fito shi kaɗai, ba turereniya.

Na'urar awo ta haɗiye.
Allo ya yi tsit.
Layin da na so ya miƙe kamar hasumiya
ya kwanta kamar tabarma.

Da safe Gethin ya kwance bakinta,
ya ɗaga ƙarfen a gaban fitila:
ya zaizaye, gefensa ya dafe.
Bai yi faɗa ba. Ya ce kuɗinsa
ya kai hayar ɗakina ta wata biyu.

Na tuna Goggo Tabawa:
ba ta jiƙa tsamiya a kwanon ƙarfe, sai ƙwarya.
Ba ta taɓa faɗin dalili ba.

Yau na sauko zuwa asid ɗin tururuwa,
ɗigo ɗaya cikin dubu.
Sinadarai sun ɗan cakuɗe a hanya,
amma na'ura ta buɗe baki,
tana kiran kowa da nauyinsa.