Ɗori

Kwana tara Nomau yana ɓoye hannu cikin riga.
Daga amalanken albasa ya faɗo, bai gaya wa kowa ba,
ya koma cin tuwo da hagu.
Ni ina rudu ina tsince ruɓaɓɓu,
ke kina bakin murhu kina suyar ƙuli,
babu wanda ya ce masa, me ya sami damanka?

A ina zai koyi faɗa?
Gidan da ya tashi, shi ne wayarmu:
"Je ka ce wa uwarka gishiri ya yi yawa."
"Je ka ce masa cefanen bai kai ba."
Ɗan shekara takwas
yana dakon magana tsakanin ɗaki da zaure,
yana rage mata zafi a hanya
kamar wanda aka aika ɗebo wuta a tafin hannu.

Aliero ba ta rasa baƙon karaya.
Mun tarar da rumfar Tsoho Magawata cike,
wani daga Dosso, wani tun daga Kontagora.
Ya shafa, ya latsa, ya ɗago kai:
"Labbo, ƙashin nan ya soma kamawa a karkace.
Da ranar kuka zo, ɗauri ɗaya ne.
Yanzu sai na sake ɓalla shi."

Na danne ƙafafu, kika rungume kai.
Ƙarar da ƙashin ya yi, Hajo,
a haƙarƙarina na ji ta.
Na ɗago, sai ga idonki cikin nawa,
rabona da shi tun sunan autarmu.

Da dare, yaro ya yi barci da karare a hannu,
na tsaya ƙofar ɗakinki, na yi sallama kamar baƙo.
Harshe ya yi mini nauyin buhu.
Na ce, "Shekarar da albasa ta faɗi,
har kuɗin mota ya fi kuɗin kaya,
ni na sayar da tunkiyarki, na biya bashin taki.
Ba ɓarayi ba ne."

Kika daɗe kina gyara lagwanin fitila.
Kika ce, "Na sani.
Ƙanena ya gan ta a kasuwar Jega, da tsagar kunnenta.
Ba tunkiyar ke cina ba.
Damina uku ina jiran ka buɗe baki."

Sannan naki ya zo, a hankali, kamar ruwan fadama:
ranar da kika dawo jinyar Inna daga Gwandu
na tambayi canjin kuɗin mota,
ban tambayi jikinta ba.
Da ranar da na yaba miyar gidan wana a gaban baƙi.
Da wata ranar da ni ko tunawa ban yi.
Hujja ta taso mini har maƙogwaro,
mai kyau, shiryayya, irin wadda nake cin dillalai da ita.
Na haɗiye ta, ta wuce da ɗacin maɗaci.
Na ce, "Ina ji. Ci gaba."

Ladan ya tarar da mu ba mu kai rabi ba.
Akwai abin da na faɗa ya fito a karkace,
kika yi kuka, na sake faɗarsa.
Akwai wanda har yau yana rudu,
mun san inda yake, muna jin warinsa,
za mu kai gare shi.

Magawata ya ce kwana arba'in,
kada hannun ya ɗauki abu mai nauyi.

Jiya gishiri ya sake yawa.
Na faɗa miki da bakina, ina kallonki.
Kika ce to gobe ludayin yana hannuna.
Nomau na zaune tsakaninmu, hannu a rataye,
yana duban wannan, yana duban wancan,
yana jiran a aike shi,
ba a aike shi ba.